Babi na Shida: Mutum Nawa Saje Ɗaya Zai Iya Riƙewa?

Wanda ya taɓa zama a bakin kwaltar Gure da hantsi, wajen masu shayi, ya san yadda hira take yankewa idan ayarin soja ya ɓullo daga Damagaram zai wuce Difa. Motocin Toyota ne buɗaɗɗu masu launin ƙasa, an girke bindiga mai jigida a bayan kowace, samari na zaune gefe da gefe sun naɗe fuska saboda ƙura. Yara na ɗaga hannu, tsofaffi na cewa Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ni kuwa na daɗe da ɗabi'ar ƙirga kawunan da ke cikin kowace mota. Wata takwas, wata tara, wata goma har da direba. Daga wannan ƙirge tambayar babin nan ta fito: wa ya yanke cewa adadin nan shi ne daidai, kuma da wane mudu ya auna?

Tambayar tana kama da ƙarama in aka ajiye ta kusa da maganar birged da bataliya. Sai dai ranar da aka buɗe wa soja wuta ba ya ganin birged. Abin da yake gani mutum bakwai ne ko takwas kwance kusa da shi, abin da yake ji kuma muryar sajensa ce, in tana isowa. Idan mutanen sun yi wa shugabansu yawa, ko sun yi wa aikin kaɗan, ko kuwa bindigar da ta kamata a ce tana hannunsu tana can wurin wasu, to dabarar janar ba za ta wuce kan takarda ba.

A watan Disamba na 1852, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Gure a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa yamma. Ya gana da Muniyoma Koso, sarkin Muniyo da ya dawo da fadarsa nan daga Bune. Barth ya rubuta cewa Koso zai iya fitar da mahaya dawaki wajen 1,500 da 'yan baka 8,000 zuwa 10,000. A lura da abin da aka ƙirga: doki da baka. Ƙasa da wannan babu wani adadi tsayayye. Kowane kacalla ko barde yana zuwa da mutanen da yake ciyarwa, mai gida babba da ɗari, mai ƙaramin ƙarfi da goma sha. Arzikin uban gida shi ne tsarin rundunar. Da bindiga ta yawaita sai abin ya fara sauyawa. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara 'yan bindiga na musamman, har aka ƙera masa igwa a cikin Birnin Damagaram. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893, ya raba mayaƙansa tuta-tuta, kowace da shugabanta da horonta, kuma wannan tsari yana cikin dalilan da suka sa runduna masu yawan dawaki suka kasa tsayawa a gabansa.

A wasu wuraren an daɗe da gano goma. Malamin tarihi Ɗabari ya kawo cewa kafin yaƙin Ƙadisiyya, Sayyidina Umar ya umarci Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya raba mutane goma-goma, ya naɗa wa kowace goma arifi. Rumawa suna da takwas masu kwana tanti ɗaya. Mongolawa ma goma suka ɗauka. Mutane dabam-dabam sun faɗo kusan wuri guda, domin abubuwan da suka tilasta musu iri ɗaya ne: inda murya take kaiwa, fuskokin da ido ɗaya zai iya bi, da cikin da tukunya ɗaya za ta cika.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mayar da wannan 'yar ƙungiya abar dogaro. Muddin mutane suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, tambari da tuta sun isa su juya ɗaruruwa. Da bindiga mai jigida da ruwan igwa suka zo, duk wanda ya tsaya a sahu ya mutu, dole aka warwatsu, hafsa kuma ya daina ganin mutanensa. A 1916 da 1917 Faransawa suka gina ƙananan ƙungiyoyi a kewayen bindigar Chauchat, wadda mutum ɗaya yake iya ɗauka, suka damƙa su a hannun saje da kofur. Wannan gado ne rundunar sojan Nijar ta ɗauka da aka kafa ta a 1961, ita kuma Najeriya ta ɗauki na Ingila. Shi ya sa kalma guda take da nauyi biyu a gaɓar Komadugu. Abin da sojan Najeriya yake kira sekshan mutum takwas ne zuwa goma a ƙarƙashin kofur. Seksiyo a bakin sojan Nijar kuwa mutum talatin ne ko fiye a ƙarƙashin hafsa, wato abin da na Najeriya zai ce wa filatun. Da ƙasashen tafkin Cadi suka haɗa ƙarfi a 2015, irin wannan bambanci ya zama abin da tilas tafinta ya kiyaye, domin wanda ya nemi agajin talatin aka aiko masa da goma ya shiga uku.

Babu waɗanda suka wahalar da kansu kan wannan lissafi kamar Amurkawa, kuma sun rubuta abin da suka yi, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kansu. Sun shiga Yaƙin Duniya na Biyu da mutum 12 a ƙaramar ƙungiyar dakarunsu. A 1946 suka tara tsofaffin hannu a barikin Fort Benning suka tambaye su abin da suka gani. Amsar ta fito fili. Saje ɗaya ba ya iya juya mutum 11 a ƙarƙashin wuta. Ƙungiya ba ta taɓa shiga faɗa a cike, kullum kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba ya nan, wani ya ji rauni, wani zazzaɓi, wani an aike shi. Kuma ƙarfinta yana rataye ne a kan bindiga ɗaya mai aman wuta. Sai suka sauko 9. Bayan gwaje-gwajen 1956 suka hau 11, suka raba su gida biyu domin ɗaya ya riƙe abokan gaba da wuta ɗayan ya zagaya. A shekarun 1980 suka sake komawa 9. Sojan ruwansu masu faɗa a tudu, wato Marin, sun ɗauki 13 a 1944: shugaba ɗaya da gida uku na mutum huɗu-huɗu. Hikimar wannan tsari ita ce saje ba ya magana da mutum 12, da mutum uku yake magana. Wani masanin tsarin aiki ɗan Lituwaniya, Graicunas, ya lissafa a 1933 cewa shugaba mai mataimaka huɗu yana kula da alaƙoƙi 44 tsakaninsu, mai biyar 100, mai shida 222. Mutum ɗaya ake ƙarawa, nauyin ya ninka.

Komawar da aka yi 9 a shekarun 1980 tana da darasi a gare mu. Filin daga bai nemi hakan ba. An so a rage yawan ma'aikata, sannan sabuwar motar sulkensu, Bradley, ba ta ɗaukar fiye da shida ko bakwai a bayanta. Kujera ta yanke hukuncin da ake zaton ilimin yaƙi ne yake yankewa. Duk lokacin da na ƙirga kawuna a bayan Toyota a Gure, wannan yakan faɗo mini a rai.

To ina lissafi ya shigo? A 1916 wani injiniya Bature ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya buga wata ƙa'ida. Wani Barashe mai suna Osipov shi ma ya gano ta da kansa, amma sunan Lanchester ne ya bi ta. Ta ce idan ɓangarori biyu suna ganin juna, kowa yana iya harbin kowa, to ƙarfin kowane ɓangare yana tafiya ne da adadinsa an ninka shi da kansa. Goma ba ninkin biyar ba ce, ninkinta huɗu ce, domin 100 ake kwatantawa da 25. A ce goma sun haɗu da biyar, makamai iri ɗaya, gwaninta iri ɗaya. Lokacin da biyar ɗin za su ƙare, masu goma ba su rasa fiye da ɗaya ko biyu ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wannan: goma da goma kunnen doki ne, amma idan ɗaya ɓangaren ya rabu biyar-biyar aka same su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai rabu ba zai cinye su duka ya tashi da mutum bakwai. Maharba da makiyaya sun san wannan tun kafin a rubuta shi, kura ba ta shiga tsakiyar garke. Abin da Lanchester ya ƙara shi ne ya sa masa lamba.

Ƙa'idar tana da iyaka. A 1954 wani masani, Engel, ya gwada ta da alƙaluman yaƙin Iwo Jima ta dace sosai, amma da aka kai ta kan wasu manyan yaƙe-yaƙe ta yi ta tuntuɓe. A 1962 Deitchman ya gyara ta domin kwanton ɓauna, inda wani ɓangare yake gani ɗayan kuma yana harbin daji kawai. Ko da gyaran, lissafin yana ɗaukar sojoji kamar hatsi a mudu, kowace ƙwaya daidai da 'yar uwarta. A ƙungiyar mutum tara kuwa, in harsashin farko ya sami mai bindiga mai jigida, labari ɗaya ne, in ya sami na ƙarshen layi wani labarin ne dabam. Ƙaramin faɗa cike yake da sa'a da rashin sa'a, kuma alƙalami ba ya iya bin su.

Nan kwamfuta ta sami ƙofa. Tushen abin wasa ne, kamar darar da dattawa suke yi a ƙasa da 'yan itace. A 1824 wani hafsan Furusiya, Reisswitz, ya nuna wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, da 'yan gumaka a madadin runduna, da ƙuri'ar da ake jefawa a ga ko harbi ya samu. A shekarun 1940, a Los Alamos, Ulam da von Neumann suka koya wa na'ura jefa ƙuri'ar da kanta sau dubbai, hanyar da aka raɗa wa sunan Monte Carlo. Kafin shekarun 1950 su ƙare, masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun haɗa wa sojan Amurka manhajar Carmonette, wadda take kwaikwayon faɗan ƙananan runduna. A ƙarshen shekarun 1970 aka yi Janus a ɗakin bincike na Livermore, inda hafsoshi biyu suke karawa, kowa yana ganin abin da mutanensa suke gani kaɗai. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka zo da wani salo: Andrew Ilachinski ya rubuta ISAAC, sojan Marin suka buɗe shirin Albert, 'yan New Zealand suka fito da MANA daga baya. A waɗannan, kowane soja ɗan halitta ne mai zaman kansa a cikin na'ura.

Bari mu kawo abin gida, mu ga yadda ake yi. A ɗauki ɗaya daga cikin kwarurrukan da ke kudu da Gure, irin waɗanda tuddan rairayi suka kewaye, goriba da dabino a bakinsu, kanwa a tsakiya. A shigar da taswirarsa, a yanka ta gida-gida kamar filin dara, a gaya wa na'ura wane gida ne tudu, wane ne duhuwa, wane ne rairayi mai cin ƙafa. A zuba 'yan sintiri tara ta gabas. Kowane ɗaya a ba shi nisan ganinsa, saurin tafiyarsa, yawan harsashinsa, da yiwuwar ya sami abin da ya auna a mita 100 da a mita 300. A ba shi kuma hali: yadda yake son kusantar 'yan uwansa, yadda yake gudun inda wuta ta yi yawa, yadda yake bin umarnin saje in umarnin ya iso shi. A ɓoye mutum goma sha biyar cikin goriba. Sai a saki.

Karon farko wataƙila na gaba ya hangi motsi da wuri, aka kwanta, aka zagaya, aka tsira. Karo na biyu ƙuri'a ta faɗa wa saje tun a daƙiƙar farko, sauran suka dunƙule wuri guda. Ba a yarda da karo ɗaya, ba a yarda da goma. Ana maimaitawa sau dubu ko dubu goma, a tara sakamakon, a ga sau nawa aka ƙetare kwarin, mutum nawa aka rasa a tsaka-tsaki, kuma sau nawa abin ya zama bala'i. Sannan a taɓa abu ɗaya: a mayar da tara goma sha ɗaya, ko a ƙara bindiga mai jigida ta biyu, ko a raba su gida uku, ko a cire ɗan bindiga ɗaya a sa mai tuƙa ƙaramin jirgi maras matuƙi a gurbinsa, irin gurbin da sojan Marin suka sanar a sabon tsarinsu na 2018. A sake gudu dubu goma. Mutanen shirin Albert sun kira wannan aiki noman bayanai, sunan kuwa ya dace, domin shuka ake yi a fili mai faɗi a dubi inda ya yi kyau a koma can a ƙara shukawa.

Akwai mataki na gaba, inda ake barin na'ura ta nemo tsarin da kanta. Manomin Muniyo ya san hanyar: in ya girbe gero yakan ware zangarniyar da ta fi cika ya ajiye iri. John Holland ya shimfiɗa wannan dabara a lissafi a 1975. Na'ura takan ƙirƙiro tsari ɗari barkatai, wani mutum shida, wani goma sha huɗu, wani da bindigogi masu nauyi uku, wani ba ko ɗaya. Ta gwada su duka a kwarin nan, ta zubar da raunana, ta gauraya siffofin waɗanda suka yi kyau, ta fitar da sabon ɗari. Bayan zagaye masu yawa sai wasu siffofi su tsaya. Ana kafa mata shinge tun farko: kada nauyi ya wuce abin da mota za ta ɗauka, kada kuɗi ya wuce kaza, kada mataimakan shugaba ɗaya su wuce kaza.

Ina ganin wannan aiki alheri ne, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Kafinsa, hanyar gane cewa tsari bai yi ba ita ce a ƙirga gawa. Yanzu ana iya kashe mutum dubu a cikin na'ura ba a yi zaman makoki a gida ko ɗaya ba. Yana kuma tono abubuwan da ido ba ya kamawa da sauri, musamman gaɓar da ƙungiya take karyewa. Mai rauni ɗaya da ba ya iya tafiya yana cire mutum biyu zuwa huɗu daga faɗa, masu ɗaukarsa. Ƙungiyar shida da aka raunata mata ɗaya ta koma masu jinya. Ta goma sha uku tana iya ɗaukar nata ta ci gaba da harbi. Irin wannan gaɓa, da inda take, da abin da ke matsar da ita, na'ura tana nuna su sarai.

Amma in an zuba tsaki a tukunya ba a kwashe tuwon laushi. Duk lambar da muka ba ɗan halittar nan, daga wani wuri ta fito, kuma manhajojin da na ambata an yi musu awo ne da ƙasashen masu su da jikin sojojinsu da irin agajin da suke samu. A fara da ƙasa. Ɗaya daga cikin taswirorin tudu da kwari da ake samu kyauta ita ce wadda kumbon Endeavour ya auno cikin kwana 11 a Fabrairun 2000, kowane gida nata mita 30 ne, kuma sai a 2014 aka saki ta Afirka a wannan ƙanƙanta. Gidan mita 30 ba ya nuna lanƙwasar rairayi mai tsayin mutum, alhali a bayan irinta ake ɓuya. Tuddan yankin Gure kuma tafiya suke yi, duk wanda ya ga yadda suke binne gonaki da bakin kwari ya san taswirar da ta haura shekara ashirin ta tsufa. Nisan gani da rana tsaka a watan Afrilu dabam, na safiyar hunturu da hazo ya sauko dabam. Rairayin da mota take bi da asuba yana da sanyi, shi ne yake riƙe ta da azahar.

Sai ruwa, wanda a ganina shi ne babban saje a wannan ƙasa. A yi lissafin a fili. Mutum goma, kowa lita 10 a yini a lokacin bazara, ba wanka ba wanki, sintirin kwana biyar: lita 500, bido 25, rabin tan. Su kansu mutanen da makamansu sun kusa tan guda. Abin da motar take ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, ga mai, ga harsashi, ga tayar safiya. Kowane mutum da aka ƙara domin Lanchester ya gamsu, yini ne aka rage daga tafiyar.

Ƙasar nan ta taɓa ganin wannan lissafi an yi shi da jinin mutanenta. Ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine na 1899 ya kumbura da 'yan dako da bayi da matan da aka kama har ya haura mutum dubu, rijiyoyin hanya ba sa isarsa, kuma kowane gari da ya sauka a kai ya ga wuta da kisa, Birnin Ƙonni shaida ce. Bayan an kashe shugabannin biyu a watan Yuli, aka ci Damagaram, Joalland da Meynier suka tashi a watan Oktoba da ƙasa da mutum 200 a kan raƙuma, suka ratsa gabas har tafkin Cadi cikin 'yan makonni. Ba yabonsu nake yi ba, mamaya suka zo yi. Abin lura shi ne daga nan masu mulkin mallaka suka daina gardama da rijiya. Rundunonin raƙuma da Laperrine ya kafa a 1902 a hamadar Aljeriya, da 'yan uwansu da aka girke daga baya a Agadas da Gigime, an yanka su ne daidai abin da rijiya da makiyaya za su ɗauka, kuma sun dogara da jagorori 'yan ƙasa. Madugan ayarin Bilma da Fashi da ke bi ta Tarmit sun riga su sanin wannan da ƙarnuka.

A 1987 Cadi ta maimaita darasin da mota. A Fada a watan Janairu, da Wadi Dum a watan Maris, mayaƙan Hassan Djamous a cikin Toyota ɗauke da makamin Milan suka tarwatsa tankokin Libiya. Manhajar da aka cika da kaurin sulke da nisan igwa za ta ba Libiya nasara. Abin da ya yanke faɗan shi ne sauri, da sanin ƙasa, da mutanen mota ɗaya da suka san juna tun suna kiwon raƙuma.

Akwai kuma tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, wadda na'ura ba ta yi wa kanta: mene ne nasara? In ka ce mata nasara ita ce yawan abokan gaban da aka kashe, za ta cika maka mota da manyan bindigogi. In ka ce a dawo da kowa da rai, za ta ba ka wani tsarin. In kuwa ka ce nasara ita ce kasuwar ƙauye ta ci, makiyayi ya shayar da dabbobinsa ba a karɓe masa ba, kuma ya yarda ya faɗa maka sawun baburan da ya gani jiya, to kujera ɗaya a motar nan ta mai jin Barbarci ce ko Tubanci ko Fulatanci, ko da bai iya harbi kamar sauran ba. A sashen Gure ana magana da harsuna biyar ko fiye a kasuwa ɗaya. Hafsan da ya manta ya sa wannan a cikin tambayarsa zai sami amsa mai tsabta wadda ba ta da amfani a garin Tasker.

Ranar 10 ga Disamban 2019 sojoji 71 suka kwanta dama a Inates. Ranar 9 ga Janairun 2020 wasu 89 a Cinagodar. Allah ya jiƙansu. Maharan sun zo da yawa a kan babura da motoci, suka taru wuri guda a lokaci guda, wato dai lissafin goma da biyar ɗin nan. Tambayoyin da waɗannan ranaku suka bari na tsari ne: sansanoni ƙanana da yawa ko manya kaɗan, mutum nawa a zaune nawa a yawo, minti nawa tsakanin kiran agaji da isowarsa. Irin waɗannan tambayoyi ne aka ƙera kwaikwayon kwamfuta dominsu, kuma sun cancanci a gudanar da su sau dubu goma da lambobin ƙasarmu.

Lambobin kuwa suna nan, a warwatse. Wasu suna rajistar rijiyoyi ta ma'aikatar ruwa, wasu a cibiyar Agrhymet ta Yamai da take bin ruwan sama da ciyawa tun 1974, wasu za su fito in kowace motar sintiri ta riƙe littafi: ƙarfe nawa aka tashi, mai nawa aka sha, sau nawa aka kafe, a ina oba-oba ta daina kamawa. Jami'o'in Damagaram da Difa suna da ɗaliban da za su iya wannan aiki, kuma kwamfutar tebur ta yau ta fi ƙarfin wadda aka gudanar da Janus a kanta nesa ba kusa ba. Mafi yawan lambobin dai suna cikin kawunan mutane.

Na je wurin wani tsohon lajidan da ya yi aiki a arewa a shekarun 1990, yanzu yana zaune a Gure yana kiwon 'yan tumaki. Na kwashe bayanin nan duka na faɗa masa, har da zangarniyar gero. Ya saurara bai katse ni ba.

Na ce, "Baba, in kai ne, mutum nawa za ka sa a mota?"

Ya ce, "Ɗana, ina za mu, kuma a wane wata?"

Na ce Tasker, a watan Mayu. Ya ce to motoci uku, domin in ɗaya ta lalace ɗaya ta tsaya da ita ɗaya ta tafi neman agaji. Bakwai-bakwai, a bar sauran wurin wa bido. A kowace mota a sami wanda ya iya gyaran lagireto, kuma kada a raba mutum biyun da suka saba gadi tare, domin wanda bai yarda da abokin gadinsa ba ba ya barci, wanda bai yi barci ba kuwa kwana uku ya ishe shi ya zama kaya. Na tambaye shi rijiyoyin hanyar. Ya gyara zama ya fara jero su ɗaya bayan ɗaya daga bakin gari: wadda take gaba goma sha biyu, wadda sai an haɗa igiya biyu, wadda ruwanta yake da kanwa yana ɓata ciki, wadda take ƙafewa kafin azahar in garken raƙuma ya riga ka, da tsawon lokacin da mutum huɗu za su ɗauka su cika bido goma a kowace. Ina rubutawa har shafi ya cika na juya baya. Muna kan ta tara aka kira la'asar, ya ce in dawo gobe da littafi mai kauri.